Wa Zai Ba da Shaida? Tsirarun 'Yan Sanda da Abokan Aikinsu a Birtaniya

A watan Fabrairun 1999 Sir William Macpherson ya fitar da rahoton bincikensa kan kisan Stephen Lawrence, saurayi baƙar fata ɗan shekara 18 da wasu samari fararen fata suka kashe da wuƙa a unguwar Eltham ta Landan a 1993. Rahoton ya kawo shawarwari 70, ya kuma yanke hukuncin cewa wariyar launin fata ta yi kanta a tsarin rundunar 'yan sandan Landan. A watan Maris na 2023 Baroness Louise Casey ta sake bin diddigin rundunar, ta tarar da cutar tana nan. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babban abin da ya hana gyara tafiya shi ne an bar nauyinsa a wuyan waɗanda ake zalunta, alhali masu rinjaye, da su ne ganau, sun kame bakinsu.

Tsirarun jami'an ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Norwell Roberts, baƙar fata, ya shiga rundunar Landan a 1967, ya sha wulaƙanci daga abokan aikinsa, ya daure har ya cika shekara 30. A 1994 baƙaƙen jami'an Landan suka kafa ƙungiyarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sun faɗa, sun nanata. Matsalar ita ce kukansu kan juye ya zama laifi a kansu. An kori Saje Gurpal Virdi, ɗan asalin Asiya, a shekarar 2000 bisa zargin cewa shi ne ya aika wa kansa da wasu takardun cin mutunci. Kotun ma'aikata ta gano wariya aka nuna masa, aka mayar da shi bakin aiki. Duk kurtun da ya ga wannan ya san abin da ke jiran mai ƙorafi.

Nan ne muhimmancin abokin aiki farar fata yake. Idan baƙi ya kai ƙara shi kaɗai, sai a ce yana da saurin fushi, ko bai san wasa ba. Idan Bature da ke wurin ya ce, "Na ji da kunnena, ga rana, ga lokaci," kuma ya sa hannu a takarda, magana ta tashi daga ƙorafi ta zama hujja. Jaje a ɓoye bayan an tashi daga aiki ba ya shiga fayil ɗin kowa. Dubi abin da hukumar sa ido kan 'yan sanda ta fallasa a 2022 game da caji ofis na Charing Cross: jami'ai na ta musayar saƙonnin ƙiyayya a WhatsApp da Facebook. Irin wannan hira ba ta ɗorewa sai da masu karantawa suna shiru.

Akwai wani gefe da ba a cika kula da shi ba, wato hannun masu muƙami. Casey ta gano cewa yiwuwar a tuhumi jami'i baƙar fata da saɓa ƙa'idar aiki ta zarce ta farar fata da kashi 81 cikin ɗari. Wani bincike na majalisar shugabannin 'yan sanda a 2019 ya nuna ɗaya daga cikin hanyoyin da hakan ke faruwa: shugaba kan ja ɗan'uwansa farar fata gefe ya yi masa faɗa a kan ƙaramin kuskure, magana ta mutu, amma idan tsiraru ne sai ya ji tsoron a kira shi mai wariya, ya miƙa batun ga sashen ladabtarwa. Ya tsare mutuncin kansa, ya ɓata wa yaronsa takarda. Saboda haka sufeton da ke son taimakawa ya fara da duba wa yake tsawata wa a baki, wa yake rubutawa, wa yake tura wa kwas, wa yake ambata idan an zo ƙarin girma.

Za a iya cewa wannan buƙata ta yi wa ƙaramin jami'i nauyi, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗan sanda a titi da dare ya dogara ne da cewa idan ya yi kira a rediyo abokansa za su rugo. Wanda aka yi wa tambarin maci amana yana fargabar a yi masa jan ƙafa ranar da yake neman ɗauki. Amma wannan fargabar ita ce tsirarun ke kwana da ita tun ranar da suka sa kaki. Bugu da ƙari, ƙa'idojin aikin ɗan sanda a Ingila da Wales sun wajabta wa kowane jami'i ya ƙalubalanci mugun hali, ya kai rahoto. Ke nan ba alfarma ake roƙo ba. Abin da ya rage shi ne manya su kare mai ba da shaida, domin idan ya ga an mayar da shi saniyar ware, na bayansa ba zai buɗe baki ba.

A nan ne nake ganin shugabanni sun gaza. Kwamishinan rundunar Landan, Sir Mark Rowley, ya karɓi abin da Casey ta gano, amma ya ƙi amsa cewa wariyar ta tsari ce. A 2022 majalisar shugabannin da Kwalejin Horar da 'Yan Sanda suka ƙaddamar da shirin yaƙi da wariya. A watan Yunin 2024 Ƙungiyar Baƙaƙen 'Yan Sanda ta Ƙasa ta janye goyon bayanta daga shirin.