Tarihin Cimar Bazara a Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin sarakunan Kano zai ci karo da sunan Dutse tun a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, inda aka ce shi ne sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse. Irin waɗannan littattafai sun kiyaye mana sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu da auratayyarsu, amma ba su cika waiwayar murhu ba. Alhali kuwa mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a tsakanin duwatsun nan, kullum sai sun ci sun sha, kuma kowace shekara sai bazara ta zo ta same su. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a duba yadda matan ƙasar Dutse, watau Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da sauran garuruwan masarautar, suka tsara abincin iyali a lokacin zafi, ta yadda gida zai ƙoshi ba tare da an wuni a bakin wuta ba.

Bazara da Halinta

Bahaushe ya kasa shekararsa zuwa damina da kaka da hunturu da bazara. Bazara ita ce 'yan watannin nan na Maris da Afirilu da Mayu, bayan ɗari ya wuce, kafin ruwan shuka ya sauka. A ƙasar Dutse zafin rana a wannan lokaci yakan haura digiri 40, duwatsun da suka kewaye garin kuma su sha rana su wuni suna huci, har bayan magariba ba su gama saki ba. Lokaci ne da rumbu ya fara yin ƙasa, rijiya ta ja baya, ciyawa ta bushe, manomi kuma yana sharar gona da kai taki. Saboda haka matsalar uwargida kashi uku ce: ga zafin wuta a kan zafin rana, ga abinci da saurin lalacewa, ga kuma mutanen gida ƙishirwa ta fi damunsu bisa ga yunwa.

Gero da Nono

Maganin da aka samo ya dogara ne a kan abu biyu masu tsohon tarihi, gero da nono. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun gano alamun noman gero a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali, na wajen shekara 4,500 da suka wuce. Wannan ya nuna gero ɗan asalin yankinmu ne, ya saba da jigawa da ƙarancin ruwa. Game da shanu kuwa, ba sai mun yi nisa ba. A kogunan duwatsun Birnin Kudu akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda masana suka fara nazarinsu a shekarun 1950, kuma akasarin abin da aka zana shanu ne. Ashe ke nan kiwo ya daɗe a wannan ƙasa. Zuwan Fulani makiyaya ya ƙara ƙarfafa cinikin da ke tsakanin rumbu da ruga: manomi ya ba da hatsi, Bafillatana ta ba da nono.

Daga wannan haɗuwa aka sami fura da nono, wadda ita ce sarauniyar abincin rana a ƙasar Hausa. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya kuma bi ta Gumel a watan Maris na shekarar a kan hanyarsa ta zuwa Barno, ya ambaci fura a littafin tafiye-tafiyensa a matsayin abin da matafiya ke kashe ƙishirwa da yunwa da shi.

Bari mu dubi yadda ake yin ta, domin a nan hikimar take. Akan surfa gero a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da barkono, a tankaɗe, a cura, a jefa a tafasasshen ruwa. Idan ya dahu sai a kirɓa a turmi, a sake curawa, a birkiɗa a gari. Duk wutar da fura ke bukata ba ta wuce ta wannan tafasa guda ba, kuma da hantsi ake gama ta. Da azahar, lokacin da rana ta take tsaka, abin da ya rage wa uwargida shi ne ƙwarya da ludayi da ruwan randa. Mai son ƙoshi a dama masa da kauri, mai ƙishirwa a yi masa farau-farau. Ga kuma gumba, wadda ko kusa da wuta ba ta zuwa, ɗanyen gero ne ake dakawa a zuba masa zaƙi.

Rabon Wuta

Idan mai karatu ya lura da tsarin cin abinci a gidan gargajiya, zai ga cewa babban girki ɗaya ne a yini, watau tuwon dare, kuma sai la'asar sakaliya ake ɗora sanwarsa, rana ta yi sanyi. Da safe sai a yi ɗumame da abin da ya kwana, ko a dama koko, wanda tafasa ruwa kawai yake bukata tun da an riga an tace gasara. Da rana kuwa fura. Watau an raba wuta ne da sa'o'in yini, aka ba ta safiya da maraice, aka hana ta tsakar rana.

Hatta ƙanzon da ya kama a gindin tukunyar tuwo ba a zubar da shi. Akan kankare shi a shanya a adana. Ranar da ba a son hura wuta sai a jiƙa shi ya yi laushi, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono da albasa. Haka nan ake kwaɗon zogale da na rama, waɗanda tafasa ɗaya ta ishe su. Wannan shi ne cin gajiyar wuta ɗaya har sau uku.

Ginin gida ma ya taimaka. Madafa ba a cikin ɗaki take ba, a tsakar gida take, ƙarƙashin rumfar kara ko gindin bishiya, murhu duwatsu uku, iska na kwashe hayaƙi da zafi. Randa kuma tana can a inuwa an rufe ta da faifai. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, wannan bushewa ita ke janye zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi.

Amfanin Tsami

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, a abincin bazara tsami da gangan ake neman sa. Madarar da aka tatso da safe ba ta kai yamma a wannan zafi, amma idan aka bar ta ta kwana ta zama kindirmo sai ta jure. Ilimin zamani ya bayyana dalili: akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke juya zaƙin madara ko na gasara ya koma tsami, tsamin nan kuma yana hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Kakanninmu ba su ga ƙwayoyin ba, amma sun ga aikinsu, sun kuma riƙe shi.

Wani abin lura shi ne, nono yana ƙaranci a bazara saboda makiyaya sun yi kudu neman ciyawa, shanun da suka rage kuma sun rame. Sai Allah ya sa a daidai rani ne tsamiya da kuka suke ba da 'ya'yansu. Ana jiƙa tsamiya a yi kunu, ana kuma dama garin 'ya'yan kuka a ƙara auki ga ɗan nonon da aka samu, ko ya tsaya a madadinsa. Ita kuwa Dutse Allah ya ƙara mata da dabino, wanda ta yi suna da shi har Gwamnatin Tarayya ta kafa tashar binciken dabino a garin. Kafin sukari ya wadata, dabino da zuma su ne zaƙin gumba da kunu, kuma har yanzu fatake suna zuwa kasuwar Shuwarin sayensa.

Baƙin Abinci

Ba duk abincin bazara ne ɗan gida ba. Rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, bayan Turawan Fotugal sun fara zirga-zirga tsakanin Barazil da gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Kano, wadda Dutse ke cikinta a lokacin, daga 1912 bayan isowar jirgin ƙasa. Yawan gyaɗa ya kawo yawan mai da ƙuli-ƙuli, ƙuli-ƙuli kuwa shi ne ran kwaɗo. A 1930 aka kammala hanyar jirgi daga Kano zuwa Nguru, wadda ta ratsa ta Ringim da Malam Madori, kayan kudu suka ƙara samun hanyar shiga kasuwannin gabas. Garin kwaki, wanda aka riga aka soya tun daga inda aka yi shi, ya zo ya dace da tsarin da ya tarar. A jiƙa shi da ruwan sanyi da sukari da gyaɗa, ko a kwaɗa shi da mai da yaji. Ɗalibai ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan baƙo.

Tukunya Cikin Tukunya

A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Ma'aikata suka taso daga Kano, aka gina gidajen bulo da rufin kwano, madafa ta koma cikin gida, risho da firij suka shigo. Sai dai firij ba ya aiki sai da lantarki, ƙauyuka da yawa kuwa ba su da ita, inda take ma ba ta zama.

A cikin wannan hali ne wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya koma ga ilimin randa. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kayan lambu a ta cikin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana bushewa ta jikin babbar tukunya, yana janye zafin ta ciki. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahon da ba ya wuce kwana 1 ya kai kwana 12. Ya sa magina suka gina dubban tukwane aka rarraba a ƙauyukan Jigawa, kuma a shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan wannan aiki. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne 'yan mata masu talla: idan kayan gwari ba sa lalacewa a yini ɗaya, babu dalilin hana yarinya makaranta don ta fita neman mai saye. Gaskiyar Hausawa, da tsohuwar zuma ake magani.

Kammalawa

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka cewa matan da hutawa suke yi. Zafin da suka guje wa a murhu sun biya shi a turmi, da surfe da daka da kirɓi, kafin injin niƙa ya rage musu. Haka kuma furar da aka dama da gurɓataccen ruwa cuta ce, komai tsufan al'adar. Amma tsarin kansa, na raba wuta da tsakar rana, da jiƙo, da tsami, da sanyin yumɓu, ilimi ne da aka tara a hankali, kuma bukatarsa ƙaruwa take yi. A 2024 azumin Ramadan ya faɗo a Maris da Afirilu, ya haɗu da wani matsanancin zafi da ya game yankin Sahel, har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Itacen girki yana ƙara wuya, gas da kananzir suna ƙara tsada.

Wannan ilimi kuwa a bakin tsofaffin mata yake, kuma kowace shekara ana rasa wasunsu. Saboda haka muna kira ga 'yan wannan ƙungiya, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, idan an tafi hutu a zauna da iyaye da kakanni, a tambaye su sunayen kunu da kwaɗo na garinsu, da yadda ake yi, da lokacin da ake yi, a rubuta da karin harshen wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu dace, amin.