Zafi da Sanyi: Daga Littattafan Ɗibbu Zuwa Ɗakin Maijego a Bacirawa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Bacirawa, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, ba sai an yi masa albishir ba zai gane gidan da aka haihu. Hayaƙi ne zai faɗa masa. Tun kafin assalatu an hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, da la'asar kuma a sake, haka nan har kwana arba'in. In an tambayi dalili, amsar ɗaya ce, watau kada sanyi ya shigi maijego. Wannan takarda za ta bi diddigin wannan amsa. Ra'ayinmu shi ne, ilmin daidaiton jiki ya iso ƙasar Hausa cikin littattafai da ƙafafunsa huɗu, amma da ƙafa biyu ya shiga ƙauye, kuma ko a cikin biyun ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Mutanen Sin da mutanen Yunan

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu dubi inda wannan tunani ya fi bunƙasa, domin mu sami ma'auni. A ƙasar Sin, littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa a zamanin daular Han, wajejen ƙarni na biyu zuwa na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ɗora lafiyar ɗan Adam a kan abubuwa biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Kowanne yana da nasa sashe a jiki, watau hanta, zuciya, saifa, huhu da ƙoda, bi da bi, yana kuma da nasa ɗanɗano: tsami, ɗaci, zaƙi, yaji da gishiri. Suna haifar juna, domin itace yana ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, daga ƙasa ake haƙo ƙarfe. Suna kuma danne juna, domin ruwa yana kashe wuta, wuta tana narkar da ƙarfe, ƙarfe yana sare itace. A wannan tsari babu abokin gaba na dindindin. Kowane ɗaya cikin biyar ɗin zai iya zama cuta in ya yi yawa, haka kuma in ya gaza.

Ba ta hanyar Sin wannan ilmi ya zo mana ba. Namu rabon daga Yunan ya taso, inda Bukrata da almajiransa, daga baya kuma Jalinusu, wanda aka haifa a shekarar 129, suka ce tushen halitta huɗu ne: wuta, iska, ruwa da ƙasa. A jiki kuwa ruwaye huɗu ne suke wakiltarsu. Jini mai zafi ne da danshi, safra'u mai zafi da bushewa, balgamu ko majina mai sanyi da danshi, sauda'u kuwa mai sanyi da bushewa. Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, shi da abokan aikinsa suka juya ayyukan Jalinusu zuwa Larabci a Bagadaza, sa'an nan Ibn Sina (980–1037) ya tsara su cikin littafinsa Alƙanun. Ƙa'idar magani a nan ita ce a yaƙi abu da kishiyarsa.

Isowarsa ƙasar Hausa

Daga ƙarni na 15 ne hulɗar malaman ƙasar nan da na Misira da Magrib ta yi ƙarfi. Almagili ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), Suyuɗi kuma, wanda ya rasu a 1505, ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas. Littafin ɗibbu da ya fi kowanne yawo a hannun malamanmu, watau Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikima, sunan Suyuɗin ne a bangonsa, ko da yake masana sun nuna cewa asalinsa na wani malami ne, Assanaubari. Babinsa na farko kan ɗabi'un nan huɗu ne.

A zamanin jihadi abin ya ƙara armashi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai da dama a kan magani, har da ɗaya a kan basir da wani a kan filasko. Da Kilabatan ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita. Mun kawo wannan ne don a ga cewa marubucin waɗannan littattafai mutum ne mai neman magani duk inda yake. Amma da Larabci ya rubuta, kuma malamai ya rubuta wa. Ungozoma da wanzami da mai sayar da saiwoyi, waɗanda su ne a kan jikin mutane kullum, gadon sana'a suka yi daga iyaye, ba daga takarda ba.

Abin da ƙauye ya riƙe

In muka saurari yadda ake maganar cuta a Bacirawa, za mu ji sanyin ƙashi, da sanyin mara, da ciwon sanyi, da cewa sanyi ya kama wane. Za mu ji zafi ma, amma ba kamar haka ba. Abin da ba za mu ji ba shi ne danshi da bushewa a matsayin ma'aunin cuta, balle safra'u da sauda'u, waɗanda ba su wuce zauren malam ba. Jini kaɗai ne ya tsira da sunansa da darajarsa, kuma muna jin ƙahon wanzami ne ya tserar da shi, tun da cire mataccen jini ya sami goyon bayan hadisi da na al'ada a lokaci guda. Akwai kuma wani ma'auni da ya fi kama da na mutanen Sin, watau na ɗanɗano. Mai ciki tana gudun zaƙi, ana kuma ba ta jiƙe-jiƙe masu ɗaci da bauri don su wanke shi kafin naƙuda. Ba mu ce an aro wannan daga Sin ba. Kamar da ke tsakani tana nuna mana cewa mutane daban-daban suna iya isa ga tunani iri ɗaya ba tare da sun haɗu ba, saboda haka ba ma gaggawar cewa daga littattafan Larabci Bahaushe ya fara jin labarin zafi da sanyi. Mai yiwuwa littattafan sun tarar da shi ne, suka ƙara masa ƙarfi.

A ɗakin maijego ne rinjayen ya fito fili. An ɗauka cewa haihuwa ta bar jiki ɗanye, a buɗe, saboda haka sai an gasa shi. Ana fyaɗa ruwan zafi da ganye safe da yamma, a wasu gidaje a kwanta bisa gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, a ci ƙauri da yaji, a sha kunun kanwa. Maijego a Sin ita ma sanyi take gudu cikin watanta na farko, amma ita bisa al'ada ƙaurace wa wanka take yi. Tsoro ɗaya ya haifi hani a can, a nan ya haifi wanka biyu a yini.

Tarihin kayan wankan ma abin lura ne. Darbejiya, wadda ganyenta ya zama ruwan dare wajen wankan jego tare da na tsamiya da runhu, baƙuwa ce daga Indiya, kuma sai wajejen 1928 aka fara dasa ta a Barno. Kanwa kuwa fatake ne suka daɗe suna kawo ta daga yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga. Sai itace, wanda shi ne babban nauyi. Ƙasar da ke kewaye da Kano, kamar yadda Michael Mortimore ya bayyana a bincikensa na shekarun 1960, ƙasa ce ta cunkoson jama'a wadda ake noma kowace gona a kowace shekara, babu daji. Itacen jego sai daga rassan itatuwan gona, ko kara, ko kasuwa. Magidanci ba zai ɗauki wannan ɗawainiya ta kwana arba'in a irin wannan wuri ba, sai don ya gaskata cewa ran matarsa ne a ciki.

Likitoci da kunun kanwa

A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, kimanin ɗaya cikin ɗari a Zariya, adadin da ba a san irinsa ba a wasu ƙasashe. A 1978 Davidson da Parry suka buga bayanin mata 224, suka danganta abin ga al'adun jego. Hujjarsu ita ce, kanwa ɗauke take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda yake tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Wannan bayani ya shiga littattafan koyar da likitanci, ya kuma daɗe a ciki.

Amma magana ba ta tsaya nan ba. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa masu wannan cuta suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. A wani bincike mai faɗi da suka buga a 2020, rama, da rashin karatun boko, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki ne suka fito a matsayin abubuwan haɗari, ba wankan jego da kunun kanwa ba. Ashe an yi shekaru ana tuhumar tukunyar wanka, alhali tukunyar tuwo tana da nata kaso.

Duk da haka, mu a namu ganin, ba a wanke tunanin sanyi ɗungurungum ba, domin illarsa ta fi yawa wajen fassara alamu. Kumburin ƙafa, da tari, da haki, da kasa kwanciya rigingine, su ne alamun zuciyar da ta gaza. Su ne kuma, a idon kaka da ungozoma, shaidar cewa sanyi ya shiga, wanka bai karɓa ba. Likitan Sin ko almajirin Jalinusu, tun da tsarinsa ya yarda cewa zafi ma yana wuce kima, zai iya tambaya ko an yi yawa. A tsarin da sanyi ne kaɗai ake wa kallon maƙiyi, ba a tanadi wannan tambaya ba, sai a ƙara itace a murhu, a ƙara kwanakin wanka, maganar asibiti kuwa a ɗage ta zuwa bayan arba'in.