Kuyangar Da Tarihi Ya Riƙe Sunanta, Ya Manta Da Na Gwamna

A shekara ta 177, zamanin Sarkin Rum Markus Awureliyas, Kiristocin birnin Liyon, a ƙasar da ake kira Faransa a yau, suka aika wa 'yan'uwansu na Asiya Ƙarama wasiƙa a kan tsanantawar da ta afka musu. Wasiƙar ta tsira ne domin Yusibiyas na Kaisariya ya kwafe ta a littafinsa na tarihin ikilisiya a ƙarni na 4. A cikinta babu sunan gwamnan da ya yanke hukuncin kisa. Akwai wata uwargida cikin waɗanda aka kama, ita ma ba a faɗi sunanta ba. Amma kuyangarta, Balandina, sunanta ya zo har yau.

Wannan labari ya shafi Kiristocin Hausawa na kudancin Kano ƙwarai. A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, daga bakin madatsar ruwa ta Tiga har gefen dajin Falgore, akwai ƙananan majami'u waɗanda yawancin masu zuwa cikinsu jikokin Maguzawa ne, manoman masara da dawa, tsiraru a tsakanin maƙwabtansu Musulmi. Mata ne ke riƙe da waɗannan majami'u. Su ke sharar ranar Asabar, su ke kawo kwanon hatsi baiko bayan kaka, su ne kuma 'yan Zumuntar Mata da ke sa anko, suna buga tulu suna waƙa har sujada ta ɗauki zafi. Mutanen da suka saba da raini irin wannan sun fi kowa gane matsayin Balandina.

Kowa na tsoron ita ce za ta fara karaya, har uwargijiyarta, saboda ba ta da ƙarfin jiki. Sai ga shi masu azabtarwa sun yi ta karɓa-karɓa a kanta tun safe har yamma, suka gaji, ita kuwa ba ta fasa cewa ita Kirista ce, kuma ba a aikata mugun abu a cikin Kiristoci ba. Aka ɗaure ta a jikin gungume a dandalin wasa, aka saki namun daji, ba wanda ya taɓa ta. Marubutan wasiƙar sun ce da sauran fursunonin suka ɗaga ido suka gan ta a rataye tana addu'a, sai suka tuna da Almasihu a kan gicciye, zuciyarsu ta yi ƙarfi.

A ranar ƙarshe aka fito da ita tare da wani yaro ɗan shekara 15, Fontikus, ta yi ta ƙarfafa shi har ya cika. Ita kuma aka yi mata bulala, aka zaunar da ita a kujerar ƙarfe mai zafi, aka naɗe ta cikin raga aka jefa wa bijimi, sannan aka kashe ta. An bar gawarwakin a fili kwana 6, aka ƙone su, aka zuba tokar a kogin Ron don kada a sami abin binnewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: daular ta shuɗe, amma duk 2 ga Yuni ikilisiya na tunawa da kuyangar.

Afirka ma tana da nata. An haifi Anuwarite Nengafeta a Wamba ta ƙasar Kwango a 1939. Mahaifinta ya rabu da mahaifiyarta saboda 'ya'ya mata kawai take haifa. Yarinyar ta girma ta zama sista, tana koyarwa, tana girki. A ƙarshen Nuwamban 1964 'yan tawayen Simba suka kwashe sistocin daga Bafwabaka zuwa Isiro, inda aka neme ta da lalata. Ta ƙi, ta ce ta riga ta ba Allah kanta. Kanar Piyer Olombe na dukanta, ta gaya masa ta yafe masa. An kashe ta ranar 1 ga Disamba, kuma a 1985 Fafaroma John Paul na biyu ya sa ta cikin masu albarka a Kinshasa.

Labari na kusa da gida shi ne na Leah Sharibu. Ranar 19 ga Fabrairun 2018 'yan ta'addan ISWAP suka sace ɗalibai 110 daga makarantar 'yan mata ta Dapchi a jihar Yobe. Biyar sun mutu a hannunsu. Ranar 21 ga Maris aka dawo da sauran, ban da Leah mai shekara 14, wadda ƙawayenta suka shaida cewa an ce ta bar addininta a sake ta, ta ƙi. A watan Agustan shekarar aka ji muryarta cikin Hausa tana roƙon Shugaba Buhari ya taimake ta. Wannan ƙungiyar ce kuma ta kashe ma'aikatan lafiya biyu Musulmi, Saifura Khorsa da Hauwa Liman, a Satumba da Oktoban 2018, abin da ya sa Musulmi da Kirista suka yi makoki tare.

Masu bi ba su sa Leah cikin shahidai ba, domin fatansu ta dawo da ranta. Duk ranar 14 ga Mayu, ranar haihuwarta, majami'u a Najeriya da ƙetare suna yi mata addu'a, suna kuma tuna wa gwamnatin tarayya alkawarin da ta yi wa iyayenta na dawo musu da 'yarsu.