Likitan da ya tafi neman ganye ya dawo da tatsuniya

A ƙarni na 6, zamanin Sarkin Farisa Kisra Anushirwan (531 zuwa 579), an tura wani likita mai suna Burzoye ƙasar Indiya. Yadda Firdausi ya kawo labarin a Shahnama, wai ganyen da ke tayar da matacce ya je nema. Ya sha hawan duwatsu bai samu ba, sai wani dattijo ya fahimtar da shi cewa mataccen jahili ne, ganyen kuma littafi. Almara ce, amma littafin dai na gaske ne: Pancatantra, wanda Burzoye ya fassara zuwa tsohon Farisanci. Wajen shekarar 750 Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci, kuma ƙila ka san shi da sunan Kalila wa Dimna.

To me ya haɗa tatsuniya da lafiyar zuciya? Duba wannan, daga babi na biyar, wanda ke magana kan aiki ba tare da bincike ba. Wata mata ta tafi ɗebo ruwa, ta bar jaririnta da tunkun da ta raina a gida. Maciji ya shigo, tunku ya kashe shi, ya fito tarbar ta baki duk jini. Ganin jinin nan, ba ta ko leƙa ɗaki ba, ta maka masa tulu. Da ta shiga, ga yaro yana barci lafiya lau, ga gawar maciji a gefe.

Ka lura fa, kana karantawa ka riga ka ce "haba, ta duba mana tukuna!" Da kai ne a bakin ƙofar, anya za ka duba? A 2014 masana halayyar ɗan Adam Igor Grossmann da Ethan Kross sun nuna cewa mutane sun fi yin tunani mai hikima kan matsalar wani fiye da tasu, kuma tazarar tana raguwa idan mutum ya kalli tasa kamar ta wani ce. A ganina dabarar marubutan Indiya ke nan: su ɗora maka firgici da fushinka a kan wata baƙuwa da dabbarta, ka kalla daga nesa hankali kwance.

A fassarar Larabci ma, mijin ne ya yi kisan, da sanda.