Jarin farko na alhazan Maraɗi

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, da yawa cikinku suna taɓa ɗan kasuwanci in an gama aikin gona. Wani shina da tebur na sukari da ashana da sabulu. Wani shina turke rago don Babbar Salla. Wata tana tuyar ƙosai, wata tana matsar mai da ƙuli-ƙuli. In an tambayi mutum abin da ke hana shi ci gaba, sai shi ce: "Ba ni da jari." Gaskiya ne, kuɗi na da wuyar samu. Amma ku saurari tarihin manyan ƴan kasuwar Maraɗi, waɗanda ake kira alhazai. Da yawa cikin na farkonsu ba su gaji dukiya ba. To, da me sunka fara?

Zamanin gujiya

Da Faransawa sunka kama ƙasarmu, sun ɗora wa kowane gida lanho, wato haraji, kuma da kuɗi ake biya. Manomi kuwa hatsi gare shi. Dole shi noma abin da za shi saida. A shekarun 1920 da 1930 noman gujiya ya bazu a ƙasar Maraɗi da ta Damagaram. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911. Sai a ɗauki gujiyarmu zuwa Kano, jirgi shi kai ta Ikko, bakin teku, daga can a wuce da ita Turai inda ake matsar mai.

Kamfanonin Turawa kamar CFAO da SCOA sun buɗe kantuna a Maraɗi. Amma Bature bai san ƙauyuka ba, bai san manoma ba. Don haka in lokacin awon gujiya ya zo, bayan kaka, sai kamfani shi ba wani ɗan gari kuɗi da buhuna da sikeli. Shi kuma shi raba kuɗin ga yaranshi, su bi kasuwannin ƙauye suna saye. In awo ya ƙare, a zauna a yi lissafi. Wanda ya kawo gujiya daidai da kuɗin da anka ba shi, shina da ladanshi, kuma baɗi za a ƙara mishi. Wanda ya ci kuɗin, ba a sake ba shi ko dala. Da rani kuma, kamfani shina ba amintattun nan kayan kanti bashi: yadi, gishiri, sukari, kananzir. Su sayar, su biya, su ɗauki wasu.

A shekara ta 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon garin Maraɗi. Anka maida gari bisa tudu, anka yi sabuwar kasuwa. Gidaje sun rushe, kaya sun ɓaci, amma wanda anka sani da riƙon amana bai rasa mai ba shi bashi ba.

Bara da ubangida

Yaran nan da ke bin ƙauyuka su ne barori, mai ba su kuɗi kuwa shi ne ubangida. Bara ba ma'aikacin albashi ba ne. Shina ɗaukar kaya, shina tsaron kanti, shina zuwa aike nesa da kusa. Ubangida shina ciyar da shi, shina yi mishi sutura, in aure ya taso shi taimake shi. Tsakaninsu babu takarda, babu sa hannu. Ubangida shina kallon halin yaronshi shekara da shekaru. Yau shi ba shi kaya kaɗan. In ya dawo da kuɗi cif, gobe shi ƙara. Wata rana shi ce: "Je ka juya wannan, riba taka ce." Da haka bara ke tara nashi, har shi tsaya da ƙafarshi, shi ma shi samu barori. Shi ya sa mutanen Maraɗi ke maganar arzikin mutane. Ɗan kasuwa da ba shi da amintattu a garuruwa, kuɗinshi ba su tafiya nesa.

Kun ga ke nan, jarin farko na bara shi ne amana. Na biyu haƙuri, don ba a shekara ɗaya ake yarda da mutum ba.

Ranar da gujiya ta faɗi

Nijar ta samu mulkin kai a 1960. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA, ya zama shi ke fitar da gujiya waje. Cikin shekarar nan kuma anka kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma. A lokacin nan gujiya ce kan gaba cikin abin da ƙasarmu ke saidawa ƙasashen waje. Mutane sun ɗauka haka za a dawwama.

Sai fari ya zo. Tsofaffinku suna tune da yunwar 1973 da 1974. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gujiya, gonaki sunka lalace. Manoma sunka koma ga hatsi da wake. Awon gujiya bai sake komawa yadda shike a da ba.

Nan ne anka gane bambancin ƴan kasuwa. Wanda bai san kome ba sai gujiya, ya zauna da sikeli babu abin aunawa. Wanda ya ajiye wani abu tun ana samu, kuma shina sa ido ga abin da mutane ke bukata, ya sake hanya. Wasu sun kama fataucin wake da shanu zuwa Najeriya. Wasu sun kama atamfa da shinkafa. Wasu sun sayi manyan motoci suna sufuri. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Jarrabawa ba ta tsaya nan ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa 2020. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje sunka yi tsada dare ɗaya. Kowane karo, wanda ya cinye ribarshi duka shi ke fara durƙushewa.

Asusun mata

Kada mata su ce wannan tarihin maza ne. Adashi ya daɗe a hannunsu. A 1991 kuma, a ƙasar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauye bisa wani tsari da anka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata su haɗu kowane mako. Kowacce ta zuba ɗan abin da anka yarda a kai cikin akwati. Mai bukata ta ranta, ta yi sana'a, ta maido da ɗan ƙari. In wa'adi ya cika, a buɗe akwati a raba. Kuɗin nasu ne, ba wanda ya kawo musu daga waje. Tsarin nan da ya tashi daga ƙauyukanmu ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da za mu ɗauka

Na ɗaya, ka riƙe amana. In ka ɗauki kaya bashi ka ce ranar kasuwa za ka biya, to ka biya ranar kasuwa. In abin ya gagara, ka je da ƙafarka ka faɗa kafin a aiko. Kada ka rage tiya, kada ki sa ruwa a mai. Ƙauye ƙarami ne, magana ba ta kwana.

Na biyu, ka raba uwar kuɗi da riba. Uwar kuɗi kamar iri ce. Manomin kirki ba shi daka irinshi shi yi tuwo. Aljihun sana'a daban, aljihun cefane daban. In biki ya taso, ko ɗan'uwa ya zo da bukata, ka ba da daga riba gwargwadon ƙarfinka.

Na uku, ka ajiye wani abu kowace kasuwa, ko dala biyar ce. Ka sa a asusu, ko adashi, ko ka sayi akuya. Ranar wuya ba ta sallama.

Na huɗu, ka buɗe ido da kunne. Ka tambayi farashi a kasuwa biyu ko uku kafin ka saya. Ka lura da abin da mutanen garinku ke tafiya nesa su nemo. Kada ka zuba dukan jarinka ga kaya iri ɗaya.

Na biyar, ka rubuta. Barorin da, da yawansu a ka suke riƙe lissafi, wasu da ajami. Kai yanzu ka iya karatu da rubutu da ƙidaya. Sayi ɗan littafi. Shafin hagu, abin da ya fita. Shafin dama, abin da ya shigo. A bayan littafi, sunan masu bashi da ranar da sunka ɗauka.

Ga misali. Mace ta sayi gujiya ta jika 5. Ta biya niƙa da itace da gishiri jika 1. Ta saida mai da ƙuli-ƙuli, ta samu jika 7. Nawa ne ribarta? In ba ta rubuta ba, sai ta ce jika 2, don ta manta da niƙa da itace. Ta kashe jika 2 a gida. Ribar gaskiya kuwa jika 1 ce. Ke nan kowane zagaye tana cin jika 1 daga uwar kuɗi ba ta sani ba. Jarinta jika 6 ne. Kafin zagaye 6 ya cika, babu kuɗin sayen gujiya. Sai a ce maita ce ko bakin mutane, alhali lissafi ne ya kuɓuce.

Ba kowa ne za shi zama alhaji mai motoci ba, arziki na Allah ne. Amma sana'ar da ke biyan magani da sutura, ta kai gida har kaka ba a saida gona ba, ita ma babbar nasara ce. In kun taru wurin karatu, kowa shi kawo lissafin sana'arshi na mako ɗaya, ku duba tare da malaminku. Ku kuma tambayi tsofaffin garinku yadda awon gujiya ya kasance a kasuwarku, da wanda ya riƙe amana, da inda amanar ta kai shi.

Allah shi sa albarka cikin neman kowa. Amin.