Goge a ƙasar Gobir

1/ Jama'a, a matsayina na ɗan Sabon Birni, bari in ɗan yi magana kan goge.

2/ Haɗinsa: a raba ƙwarya, a rufe bakinta da fatar guza, a soka sanda. Tsagiya gashin wutsiyar doki ce, haka ma ta bakan. Sai an shafa ƙaro kafin ya yi kuka.

3/ A Gobir goge abokin bori ne, kuma Inna ke shugabantar 'yan bori a fada. Shi ya sa malaman jihadin 1804 suka ƙyamace shi.

4/ Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, goge ya bi su.

5/ Ɗan'uwansa imzad na Buzaye, wanda mata ke kaɗawa, UNESCO ta karrama shi a 2013. Namu fa?

6/ Yau 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka tsakanin Isa da Sabon Birni. Babu biki, wa zai koyi haɗa goge?

7/ In akwai tsoho mai wannan sana'a a garinku, don Allah ku naɗi bayaninsa a waya tun yana raye.