Ranar da Aka Fasa Bututan Nord Stream

Yau za mu koma ranar 26 ga Satumba, 2022, lokacin da aka fasa bututan iskar gas na Nord Stream a ƙarƙashin Tekun Baltik, kusa da tsibirin Bornholm na Denmark. Uku cikin huɗu suka lalace.

Amma fa ku lura, a ranar babu gas ɗin da ke tafiya Jamus ta cikinsu. Rasha ta riga ta rufe Nord Stream 1 tun ƙarshen Agusta, wata shida da fara yaƙin Yukren, na biyun kuwa ba a taɓa buɗe shi ba. To me fashewar ta yi? Ta toshe hanyar komawa gidan jiya ne.

Kafin yaƙin, kusan kashi 40 cikin 100 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake. Sai ta ƙara dogaro da wanda jiragen ruwa ke kawowa daga Amurka da Katar, ta biya ko nawa ne. Pakistan da Bangladesh suka kasa gogayya da ita, ɗauke wuta ya yawaita a can. Manomi ma bai tsira ba, domin da gas ake haɗa takin yuriya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.